Ranar da Rago Ya Gudu da Notin Hajja Kellu

Duk faɗin unguwar Hausari ta Maiduguri babu wanda zai rantse ya ce ya taɓa ganin Yunus ya gyara abu ya gyaru. Haka kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce bai iya ba. Wata uku ya yi yana gadin ƙofa a wani kamfanin masu haƙa rijiyar burtsatse, kafin a sallame shi saboda yawan gyangyaɗi. Daga can ya dawo da abu biyu: sifana guda da ba ta rabuwa da aljihunsa, da sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa. Agogon liman da ya buɗe, har yau ƙarfe huɗu da kwata yake nunawa. Rediyon mai shayi kuwa da tasha ɗaya take kamawa, da ta fito daga hannunsa sai ta huta gaba ɗaya.

Ni dai ba na ƙin Yunus. Mutum ne mai fara'a da zumunci, ba a biki ko jana'iza babu shi. Illarsa ɗaya ce, da ya ga noti sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

Matar wansa, Hajja Kellu, tana da injin markaɗe a wata rumfar kwano a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Tsohon inji ne mai shan gas, wanda ake tayarwa da hannu. A gabansa akwai noti guda, shi ke matse farantan ƙarfe biyu da ke yin niƙan. Notin nan ba ya son ƙarfi. A matse shi da yawa, farantai su ciji juna. A sake shi, hatsi ya fito yadda ya shiga. Ɗan ɗauri kaɗan yake so. To amma abin da aka ɗaura sako-sako, girgizar inji ba ta barinsa, a hankali sai ya riƙa warwarewa da kansa. Dzarma, mutumin da ya shekara tara yana aiki da injin, ya san halinsa. Yana zuba hatsi da hannun dama, jifa-jifa ya miƙa na hagu ya ɗan murɗa notin, ko kallonsa ba ya yi.

Ana cikin haka aka aiko wa Dzarma daga Biu cewa mahaifiyarsa ba lafiya, ya hau mota ran Laraba. Ran Juma'a kuma sunan jikar Hajja ta fari, wadda 'yarta Kaltumi ta haifa. Surukai za su zo daga Ajilari, kuma tun ana zancen aure suke jin labarin sinasir ɗin Hajja Kellu, fari tas, mai laushi. Sinasir kuwa ba ya son gaggawa. Sai an markaɗa shinkafa yau, ƙullu ya kwana ya tashi, sannan a soya gobe. Saboda haka tun asubar Alhamis aka jiƙa shinkafa cikin manyan daro. In ba a markaɗa ta kafin la'asar sakaliya ba, gobe Hajja ba ta da abin da za ta ajiye a gaban surukai sai haƙuri.

Da hantsi Hajja da maƙwabciyarta Naomi mai ƙosai suka taru suka tayar da injin. Minti uku yana niƙa sumul, a na huɗu sai tsaki-tsaki. Suka tsayar, suka ɗaure, suka sake tayarwa, aka maimaita. Hajja ta aika a kira Damian, mai shagon kayan inji a bakin layi.

Damian ya shekara ashirin a Maiduguri, yana jin Hausa, yana taɓa Barbarci. Ya durƙusa ya dubi notin, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

Ya ce, “Hajja, wannan ba ciwo ba ne. Noti na biyu za a sa masa a baya. A ɗaura na farko daidai yadda kike so, a riƙe shi, a matse na biyu a kansa. Su biyun su riƙe juna, faranti bai ma san ana yi ba. Irin na tsohon inji ne, ya yi wuya yanzu, amma ina da guda a shago. Bari in ɗauko kafin in wuce Bulumkutu kai kaya.”

Bai rufe baki ba sai ga Yunus, sanye da farar riga da ya karɓo daga wanki domin gobe, ya kasa haƙuri ya sa ta yau.

“Wushe, wushe,” ya gaishe da mata da Barbarci, sannan ya juyo. “Me na ji? Noti biyu a kan ƙusa ɗaya? Damian, kai ɗan kasuwa ne. A bar ka sai ka jera mana goma.”

Damian ya ce, “Kyauta zan ba ta, Oga Yunus. Suna ne.”

“Shi ya sa yake kyauta, don ba shi da amfani. Mu a kamfani, injin da muka yi aiki da shi ya fi gidan nan girma.”

“Ta wane gefen kamfanin, Oga? Ciki ko bakin ƙofa?”

Matan da suka jera bokitansu suna jiran layi suka tuntsire da dariya. Wannan dariyar ita ta jawo duk abin da ya biyo baya. Yunus ya zaro sifana ya ɗaga ta sama, ya ce, “Ku shaida. In na bari aka sa wa injin nan noti na biyu, a daina kirana Injiniya.”

Hajja ta ce, “Da ma wa ke kiranka, in ba kai ba?”

“Haba Hajja. Sunan jikarmu, ina raye, a ce na waje ne ya gyara mana inji? In Yaya Alhaji ya dawo me zan ce masa?”

Nan ya kama ta. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, amma akwai kuma kunya, ba ta so ta watsa masa ƙasa a ido a gaban jama'a. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, “To mijin nawa, ga ka ga inji. Amma ka san la'asar ba ta jiran kowa.”

Damian ya ɗaga kafaɗa, ya je ya kulle shago, ya hau babur ɗinsa ya tafi, noti na biyu yana ciki a kulle.

Yunus ya naɗe hannun riga. Ya ce, “Abu ne mai sauƙi. Abin da ke kwancewa, ba a ɗaure shi ba ne. Dzarma ba shi da ƙarfi.”

Naomi ta ce, “Malam Yunus, Dzarma fa cewa yake notin nan lallashi yake so.”

“Ƙarfe ne ko jariri?”

Ya sa sifana ya murɗa har ta tsaya. Bai gamsu ba, ya samo guntun famfon ruwa ya zura a hannun sifanar, ya hau kai da ƙafa ɗaya yana nishi. Sannan ya tayar da inji. Wata irin ƙara ta tashi wadda ta sa kajin unguwa suka watse. Farantai suka ciji juna, warin ƙonannen ƙarfe ya cika rumfa, ƙullun da ya ɗigo ya fito toka-toka. Inji ya yi tari sau biyu, bel ya fice fit, ya faɗa cikin bokitin waken Naomi.

Hajja ta lakato ƙullun ta duba. “Wannan sinasir za a yi da shi ko bulo?”

Yunus ya ce, “Gwaji ne. Kowane injiniya sai ya fara gwaji. Yanzu na gane ciwon.”

“Ciwon da Naomi ta faɗa maka tun ɗazu.”

“Ita faɗa ta yi, ni tabbatarwa na yi. Da bambanci.”

Aka zubar da ƙwarya guda ta shinkafa, aka wanke farantai. Kwance notin kaɗai ya ci musu rabin awa, don sai da aka kira mai faskare ya taimaka. Yunus ya tsaya yana shafa gemu, can ya buga cinya. Ya nufi wurin mai wankin hula, ya dawo da gwangwani cike da jiƙaƙƙen ƙaro, irin wanda ake sa wa hula ta tsaya ƙyam.

Ya ce, “Kun ga wannan? Turawa da jirgi suke zuwa saye, mu ga shi a ƙofar gida ba mu san darajarsa ba. Abin da ya tsayar da hula a kan Alhaji, noti ne zai gagare shi?”

Ya ɗaura notin daidai, ya lafta masa ƙaro ciki da waje, ya shafe sifanar ma, ya ce a jira ya bushe. Aka zauna jira. Rana ta take, inuwar dogon yaro ta tattare. Ƙudaje suka ji labari, zuma ma suka aiko da wakilai. Yunus yana kora su da hannu mai danƙo, yana shafa gemu yana ba mata labarin kamfani, bai lura ba gemun ya haɗe wuri guda ya miƙe kamar ƙahon akuya. Aka kira azahar, aka yi salla aka dawo, sannan ya taɓa notin ya ce ya yi.

Abin da Injiniya ya manta shi ne markaɗe da ruwa ake yi. Inji na tashi, ruwa ya fara tsiyaya ta gaban farantai. Ƙaron da ke kan ƙusa ya jiƙe ya zama santsi. Notin da a da yake ɗaukar minti uku kafin ya saki, yanzu a idon kowa yake juyawa, hankali kwance. Shinkafa ta riƙa zubowa ɗai-ɗai, lafiyarta ƙalau.

Naomi ta leƙa bokiti ta ce, “Sannunki da zuwa. Yaya hanya?”

Mata suka sake fashewa. Wasu suka ɗauki bokitansu za su nemi wani injin, amma suka kasa tafiya, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Hajja ba ta yi dariya ba. Ta dubi rana, ta dubi darukan shinkafa, hankalinta ya fara tashi da gaske. Injin da ya fi kusa yana da nisa, kuma ran jajibirin Juma'a layinsa sai wanda ya gani.

Ta ce, “Yunus, ka yi wa Allah ka tsaya kusa da shi ka riƙa murɗawa kamar Dzarma.”

“Ni? In tsaya ina gadin noti?”

“Ai ka saba gadi.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, “Dabara ta uku ita ce ta gaske. Waɗancan share fage ne.”

Ya ɗaura notin daidai, ya bar sifanar a kansa, ya naɗe su tare da robar tayar keke. Ya samo igiya ya ɗaure a wuyan sifanar. Igiyar ta yi tsawo, maimakon ya yanke sai ya nannaɗe ragowar a jikin sifana da noti, zagaye bayan zagaye, wai don ƙarin ƙarfi. Sannan ya waiga yana neman inda zai ɗaure bakinta. Idonsa ya faɗa kan turken da ke gindin dogon yaro.

A turken nan kuwa ragon suna ne ɗaure. Alhaji Gana, mijin Hajja, dillalin dabbobi ne, kuma da kansa ya zaɓo wa jikarsa shi, wani ƙosasshen farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho. Tun safe ƙarar inji ke ba shi haushi, yana ta tona ƙasa da kofato.

Naomi ta ce, “Malam Yunus, akwai mai wurin fa.”

“Rago ne zai koya mini aiki? Turke ba ya motsi, igiya ba ta motsi, sifana ba ta motsi. To ta ina noti zai motsa? Lissafi ne.”

Ya ja igiya ta yi tsam, ya ɗaure a turke. Ya cika bakin inji da shinkafa da ruwa har ya tumbatsa, don ya nuna ya yarda da aikinsa. Ya tayar da inji, ya zagayo gaba ya tsaya daf da farantai, hannu a ƙugu. Kuma gaskiya ita ce ƙullu ya fara fitowa fari sumul. Mata suka matso. Yunus ya buɗe baki zai yi jawabi.

Daidai nan tsohon inji ya yi wata bugawa kamar bindiga, ya feso baƙin hayaƙi a fuskar rago. Rago ya yi tsalle ɗaya. Turken da ya sha jijjiga tun safe ya tumɓuke. Rago ya zura da gudu, igiya ta bi shi tana warwarewa, sifana na juyawa kamar katantanwar yara, noti ya fice. Murfin farantai ya buɗe, duk abin da ke cikin inji ya fito lokaci guda, kuma babu wanda ke tsaye a gabansa sai Injiniya.

Da Naomi ta kashe inji, abin da aka gani shi ne wani farin mutum tun daga hula har takalmi, idanu biyu kaɗai ke motsi, shinkafa ta manne a gemu mai ƙaro.

Hajja ba ta ko dube shi ba. Ƙusar ta duba, ta ga wayam. Ta ce, “Ina notina?”

Aka duba ƙasa, babu. Aka duba bokiti, babu. Naomi ta nuna bakin layi. Can ga rago yana ƙurar gudu, yana jan turke, turke na jan igiya, igiya na jan sifana, noti kuma na manne a bakin sifanar, don a nan kaɗai ƙaro da roba suka yi aikinsu.

Hajja ta ce a hankali, “Yunus, duk garin nan notin injin nan biyu ne. Ɗaya na kulle a shagon Damian. Ɗaya ga shi can ya nufi kasuwa.”

Yunus ya tattare riga ya bi. Hausari ba ta taɓa ganin irin wannan tsere ba. Rago ya bi ta gaban teloli ya kwashe musu tabarma, sifana tana ƙararrawa a bayansa. Ya ratsa ta wurin mai wankin hula, huluna suka tarwatse daga kan gungumensu. Yunus na biye yana ɗigar da ƙullu, awakin unguwa uku na biye da Yunus suna lasar bayan rigarsa. Wata tsohuwa da ta buɗe ƙofa ta gan shi ta mayar ta rufe tana salati. Mai shayi ya ɗaga murya ya ce, “Injiniya, in ka kama shi ka duba mini ko yana kama tasha.”

A mararrabar babban titi tseren ya ƙare. Alhaji Gana ne ke dawowa daga kasuwar dabbobi, sandarsa a kafaɗa. Ya ga rago ya nufo shi, ya gane nasa ne. Ya ɗan kauce, ya miƙa hannu ya cafke ƙafar baya, rago ya tsaya cak. Shekara talatin yana wannan, ko hularsa ba ta karkace ba. Ya bi igiya da kallo har zuwa sifana, daga sifana zuwa farin mutumin da ke haki a gabansa, jama'a sun yi musu zobe.

Ya ce, “Bawan Allah, wane ne kai?”

“Ni ne, Yaya.”

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, “Ragon suna aka ce a yanka gobe, ba a ce a koya masa kanikanci ba.”

Aka dawo gida a jere, Alhaji da rago a gaba, Yunus a tsakiya, rabin unguwa a baya. Ana kiran la'asar. Hajja ta karɓi notin, ta wanke shi da ruwan zafi, ta ɗaura shi da hannunta daidai yadda Dzarma ke yi. Ta ɗora sifana a kai, ta kamo hannun Yunus ta ɗora a kan sifanar.

Ta ce, “Ka ce ba za a sa wa injin nan noti na biyu ba, kuma ba na so ka yi kaffara. To riƙe. In ka saki, gobe kai za ka yi wa mutanen Ajilari bayani.”

Ya dubi wansa. Alhaji ya ce, “Riƙe.”

Inji ya tashi. Ƙullu ya riƙa kwarara fari tas, daro bayan daro. Yunus na durƙushe riƙe da sifana, girgizar inji na bi ta hannunsa har haƙora, ƙullun jikinsa na bushewa yana tsattsagewa. Ko ƙuda ya sauka masa a hanci ba shi da hannun kora. Da aka gama shinkafa ya yi yunƙurin tashi, Hajja ta ce ai waken Naomi na nan, kuma matan nan tun safe suke jira saboda shi.

Ana tsakiyar waken sai ga Damian ya dawo. Ya buɗe shago, ya zo da notin a tafin hannu. Yunus na ba shi baya, bai gan shi ba. Hajja ta dubi Damian, ta dubi bokitai huɗu da suka rage, ta ɗora yatsa a leɓe. Damian ya mayar da noti aljihu, ya ja benci ya zauna kusa da Alhaji, suka shiga hirar tsadar kaya. Sai da bokitin ƙarshe ya fita sannan ya tashi, ya sa noti na biyu, ya matse shi a kan na farko. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Aka tayar da inji, aka bar shi yana ta gudu shi kaɗai, noti ko gezau.

Washegari aka raɗa suna, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaro. Sinasir ya fito fari, mai laushi, surukan Ajilari suka ci har suna neman ƙari. Hajja na daga cikin zaure tana jin yabo, ranta fari ƙal. Wani dattijo cikinsu ya ce bai taɓa cin mai laushin wannan ba, wa ya yi markaɗen?

Yunus, cikin aron rigar wansa, ya ɗaga hannu. Hannun kuwa tun jiya bai daina rawa ba.

Daga zaure Hajja ta ce, “Shi ne, Baba. Sunansa Noti Na Biyu.”

Ranar an raɗa suna biyu ke nan a gidan, kuma duka sun bi masu su.

Yunus ya yi kamar bai ji ba, ya gutsuro sinasir ya tsoma a miya. Kafin loma ta kai baki, miya ta watsu a rigar Alhaji. Ya sake gwadawa, ta faɗa a cinyar liman. Ga yunwa, ga ƙamshi, ga abinci a hannu, amma hanya ta gagara. Har ya fara ba ni tausayi.

Damian da ke zaune kusa da shi ya miƙo hannu ya riƙe masa wuyan hannu. Rawa ta tsaya. Loma ta isa baki lafiya.

Damian ya ce, “Ka gani, Oga? In ɗaya na rawa, sai a sa masa na biyu.”

Yunus ya tauna, ya haɗiye, ya gyara zama ya dubi jama'a. Ya ce, “Abin da nake ta ƙoƙarin nuna muku ke nan tun jiya. Riƙe da kyau, Damian, zan ƙara.”